Ɗakin Ƙasa a Detroit

Dare ya raba a titin Gratiot,
dusar ƙanƙara ta binne tayoyi.
Lamont Pruitt ya taso daga aikin gadi,
ya kaɗe takalmi, ya gangara ɗakin ƙasa
inda injin wankin uwarsa Odessa ke kwana.

Nan ne duk kamfanin nasa:
makirfo ɗaya ɗaure da salatif,
katifa jingine da bango tana shanye amo,
littattafan laburare huɗu
da wa'adinsu ya wuce tun bazara.

Shekara biyu ya yi a jami'a
kafin kuɗin makaranta su nuna masa ƙofa.
Ya fito ba takarda,
sai tambayoyi cike da aljihu.

Yanzu su yake jerawa kan kiɗa.
Idan gidaje tara cikin goma na layinmu kango ne,
wa ya fara tafiya, mutane ko masana'anta?
Yaron da aka auna masa hanya tun yana ciki,
in ya bi ta, zaɓi ya yi?
Ganga ta buga sau huɗu,
ya bar gurbi,
don mai sauraro ya sa tasa amsar.

Wani mai kwat ya zo daga Atlanta,
ya ce muryar akwai kuɗi a cikinta,
a dai cire baiti na uku,
wanda ya lissafa kuɗin haya da sunan masu gida.
Lamont ya dubi takardar.
Kura ce ta zo da tayin kiwon akuya.
Ya mayar da biro cikin hula.

Ran Asabar, bayan shagon askin Cleavon,
mutum ashirin da uku suka taru,
har da mai shara.
Ba wanda ya yi rawa sosai.
Wani tsoho da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen haɗa motoci
ya riƙe masa hannu ya ƙi saki,
ya ce, "Yaro, shekara talatin ina jin ciwon nan,
yau na ji sunansa."

Faifai shida aka saya.
Ya ƙirga kuɗin a mota, hita ba ta aiki,
numfashinsa na fita fari.
Sun isa mai,
da tarar laburare.