Ɗakin Duhu a Sharaɗa

Na rufe taga, na ja labule,
da rana tsaka na ƙago dare.
Can waje tirela na gurnani,
mai awara na cigiyar canji,
ni kuwa na sunkuya a kan madubin ƙara girma
kamar mai leƙen rijiya.

Aikina ba shi da wuyar faɗa:
in watsa wa abu shuɗin haske,
in jira in ga da wane launi zai rama.

Ganyen zogalen da Inna Lantana ta tsinko mini,
kore ne, ko yaro ya sani,
amma a nan ja ya koma,
jawur, kamar garwashin mai tsire bayan lisha.
Ashe wuta yake ɓoyewa,
mu muna ta kwaɗo, ba labari.

Na ɗiga ruwan Jakara, na sa masa rini.
Sai ga zaren leda yana ƙyalli,
siriri, bai kai gashin jariri ba,
yana iyo cikin halittun da ba su da suna a bakinmu.
Na tuna latas ɗin da na ci jiya.
Na haɗiye yawu.

Shekaranjiya Alhaji Barau ya aiko yaronsa
da ɓallin kankare a cikin ambulan,
daga ginshiƙin bene mai hawa uku.
"A duba kawai a sa hannu,
masu haya sun ƙosa."
Sumul yake, ko farce ba ya kamawa.
Na shayar da shi rini mai ƙyalli, ya kwana biyu,
na yanka, na goge,
yau na kashe fitila.

Tsaga.

Koriya shar, tana tafe kamar hanyar gara,
ta rabu biyu, ta rabu bakwai,
ta zama lungunan cikin Birni
in ka hau Dala ka dubo ƙasa.

Babana magini ne, Allah ya jiƙan Tanko.
Da bayan yatsa yake ƙwanƙwasa bango,
ya kara kunne, ya yi shiru,
ya ce, "Wannan yana da magana a ciki."
Abin da ya ji da kunne
shi nake ji da ido.

Waya ta yi ƙara sau uku.
Biro na hannuna, gumi na bin sa.
Sai aka ɗauke wuta.

Madubi ya mutu, fanka ta tsaya,
duhu ya zama duhun kowa,
amma tsagar ba ta tafi ba,
tana nan manne a bayan fatar idona.
Na lalubo takarda,
da hasken waya na rubuta:
kada a shiga.

Da yamma, a cikin adaidaita,
ina kallon benaye suna wucewa,
kowanne da sabon fentinsa,
a wata baranda an shanya kayan yara.