Ajin Ranar Laraba

A Duluth, inda bakin tafki ke daskarewa har mutum ya taka,
na shiga ajin zaɓen sana'a don cike gurbi kawai.
Malama Koskela ta raba takardu,
tambaya sittin, i ko a'a.
Kina son gyaran inji? Kina son jan ragamar jama'a?
Na cike kamar mai tsintar wake a duhu.

Sakamako ya ce akanta.
Uwata ta manna shi a jikin firji,
ta kira ƙanwarta a waya tana murna.
Ni kuwa ji na yi an ɗinka mini riga
ba a zo awo ba.

Mako na shida Malama ta ce,
takarda ba ta san warin wurin aiki ba,
kowa ya je ya wuni a bayan wani.
Tobias ya bi likitan haƙori, ya suma kafin rana ta raba.
Wenona ta bi lauya, ta dawo da sabon taku.

Ni aka tura ni ofishin tashar jiragen ruwa,
wurin Mista Lindgren mai lissafin tama.
Mutumin kirki. Ya ba ni kujera, ya ba ni gahawa.
Amma taga tana bayansa,
a cikin tagar kuma ga gadar nan mai tashi sama.
Jirgi ya yi gunji daga nesa,
wata mata a ɗan ɗaki kan gadar ta amsa masa,
sai titi ɗungurungum ya ɗaga
kamar an ɗauke faifai daga bakin ƙwarya.
Sau huɗu na gani.
Abin da Lindgren ya faɗa, iska ta tafi da shi.

Rahotona shafi uku, babu lamba ko ɗaya.
Malama ba ta ba ni maki ba.
Da jan biro ta rubuta a gefe:
Wa kika bi ranar nan?

Kwana tara ina tauna tambayar.

Yanzu ina sashen lantarki,
da tabon ƙuna biyu a babban yatsa,
na faɗi jarrabawar farko, na sake zama.
Takardar tana nan a firji, ta fara naɗewa.
Jiya uwata tana yanka albasa ta ce,
in an tambaye ni, me zan ce kina yi?
Na ce, ki ce ina koyon ɗaga gada.
Ta share ido da bayan hannu.
Ta ce albasar ce.