Bi Ni In Bi Ka

Bayan la'asar nake hura gawayi
a bakin kasuwar Gadarif,
in jingina waya jikin gwangwanin yaji,
ta ɗauki hayaƙi, ta ɗauki hannuna
yana barbaɗa ƙuli a kan agashe.
Mutum ɗari biyu da sha bakwai ke bin tashata.
Na san su kamar tsinkayen da na jera,
in ɗaya ya zame, kafin isha'i na gane.

Kakata da ƙafa ta zo ƙasar nan,
Makka ta nufa, noman riɗi ya riƙe ta.
Littafin bikinta a ka yake:
wadda ta kawo mata mudu ranar suna
ran nata sunan biyu za ta gani.
Zumunta a ƙafa take, in ji ta.
Hajja, yau ta koma babban yatsa,
bashin kuwa na nan yadda kika bar shi.

Akwai masu faɗowa ba sallama:
"Bi ni in bi ka, yanzu-yanzu!"
Malam, ko naman ba ka bari na juya ba.
A zauna mana, a sha hayaƙi tukuna,
a ce sannu da wuta, sannan a kawo buƙata.

Akwai irin Awadu mai gyaran raksha.
Ya danna da dare, na rama masa,
gari na wayewa ya janye abinsa,
kamar mai ajiye goro a faranti,
a shafa fatiha, ya mayar aljihu.

Babikir daban ne.
Masunci ne a Sinnar, ban taɓa ganin fuskarsa ba,
sai ƙafafunsa da bakin kwalekwale.
Shi har ƙarshe yake kallo,
don shi kaɗai ke ce min,
"Albasar nan ka makara da ita."
Ni ma nakan zauna minti tara
ina kallon taru cikin ruwa, ba abin da ke motsi,
kuɗin tsinke biyu na ƙonewa a data,
in ce masa Allah ya kawo giwan ruwa.

Sai ya yi shiru.
Wata ɗaya. Wata uku.
Na saka bidiyo goma sha ɗaya, ba albasa, ba sannu.
Na ce cuɗe ni in cuɗe ka ake yi,
ni ga bayana ya bushe.
Wani dare na ɗora yatsa kan sunansa,
saura in danna,
caji ya ƙare, wutar unguwa ba ta dawo ba.
Ban ce ni mutumin kirki ba ne. Batir ne ya hana ni.

Ranar wata Talata, ana yayyafi,
wani dogo ya tsaya gaban tukubata,
buhu a kafaɗa, yara biyu riƙe da jallabiyarsa.
Bai dubi nama ba, hannuna yake kallo,
tabon ƙunar da ke gindin yatsa.
Ya ce, "Har yau makara kake da albasa."

Wayar ta tafi a kuɗin babbar mota.
Kwalekwalen yana can ɗaure, in yana nan.
"Amma ban cire ka ba," in ji shi,
kamar wannan ne abin da zan fara tambaya.
Kunya ta fi gawayin zafi.

Na naɗe tsinke shida a takarda.
Ya sa hannu aljihu, na ce bari,
ka biya tun tuni, minti-minti.

Lissafi na nan, ɗari biyu da sha bakwai.
Ɗaya waya ce a hannun wanda ban sani ba.
Mai ita na zaune a bencina da mafici,
yana yanka albasa tun kafin in tambaya.