Ja da Fari

A dajin bagaruwa, kudu da Sinja,
inda kogi ke kwana wata uku kafin ya janye,
Ƙasimu ya sa zarto a gindi na goma sha bakwai.
Faifan da ya miƙo mini ya fi faranti faɗi:
tsakiya ja kamar hanta,
gefe fari, da danshi, yana warin majema.

Na ja layi da fensir.
Guntu daga ja, guntu daga fari,
kowanne bai fi ƙwayar sukarin shayi ba.
Kwana biyu a ruwa.
Na soke su da allura, na nutsa a kofi bisa sikeli,
abin da guntu ya ture, girmansa ke nan.
Sai tanda, digiri ɗari da uku,
har nauyi ya gaji da sauka.
Sau biyu aka ɗauke wuta, sau biyu na sake lissafi.

Kakana Ɗan'iya, a Mai Wurno,
bai taɓa ganin sikelin da ya fi na mai tumatir ba.
Shi ƙwanƙwasawa yake da bayan yatsa,
ya kara kunne, ya ɗan ciza,
ya tofar, ya ce:
“Farin na gara ne, jan na jika.”
Jirage bakwai ya sassaƙa da wannan magana.

Ni kuwa na raba busasshen nauyi da girma.
Ja, tamanin da uku.
Fari, saba'in da ɗaya.
Tazarar goma sha biyu
ta ci mini mako guda da rabin albashin mai zarto,
shi haƙori ɗaya ya ishe shi.

Littafi ya ce jan nan ya riga ya mutu,
ko ɗigon ruwa ba ya bi ta cikinsa,
farin ne ke aike tsakanin saiwa da ganye.
Na rubuta haka a rahoto.
Ban rubuta cewa hannuna ya tsaya
a kan kalmar “mutu” ba.

Ustaz Haisam na son jadawali ran Alhamis.
Zai samu.
Amma guntu ɗaya ya ɓace daga lissafi,
ja, mai lamba goma sha bakwai.
Jiya Inna ta tsince shi a jakata tana neman canji,
ta shinshina, ta daɗe,
ta ce, “Ai wannan ƙofar Baba ce.”