Mai Juya Gora

A layinmu na Tudun Wada gida ɗaya ke da talabijin,
gidan Malam Haladu na reluwe.
Akwati ne mai ƙafa huɗu da ƙofofin katako,
a zuge shi da dare kamar shago,
Goggo Dije ta lulluɓe shi da farin leshi,
ta ɗora masa furen roba a ka.

Ƙarfe huɗu ake buɗe tasha.
Tun uku da rabi mun wanke ƙafa a bakin rijiya,
mun shafa basilin har goshi na ƙyalli,
don Goggo ba ta barin mai kaushi ya taka mata leda.
Mu zauna mu zuba wa layuka ido,
suna tsaye, ba motsi, sai dogon kuka, tiiii,
kamar sauro ya sami lasifika.

Ni ne siririn cikinsu,
shi ya sa aikin gora ya faɗo kaina.
Da hoto ya fara yayyafi
sai ɗaki duka ya juyo: Sabi'u, hau!
In taka turmi, in kama katanga, in rungumi gorar eriya.
"Ya yi?"
"Bai yi ba!"
"Yanzu fa?"
"Koma baya kaɗan. Tsaya nan! Kada ka motsa!"

Haka na kalli rabin ƙuruciyata da kunne.
Dariya ta ɓarke ta taga, in yi tawa a sama
ban san me aka yi ba.
Amma na ga abin da ba su gani ba:
rana tana durƙusawa bayan Kufena,
jirgin Kano yana jan jiki zuwa tasha,
jemagu suna kwance ɗamara daga kan mangwaro,
Maman Ronke tana hura wutar ƙosai da murfin tukunya.

Tallace-tallace kam sun zauna mini daram.
Matar da ke shanya farin zane tana murmushi,
har muka yarda sabulu na wanke baƙin ciki.
Yaron da ya kurɓi shayin gwangwani ya ci tsere.
Lantana ta sha kofi biyu ranar wasannin makaranta,
ta zo ta bakwai, ta ce madarar ce ba ta ji ba.

Ran albashi Malam kan goya mu biyu a basfa
zuwa kantin wani Kwara a PZ,
mai fanka a sama da ƙanshin sabon yadi.
Kwalaben alewa a jere, biskit ɗin kwali,
fitilar ƙwai, batir mai hoton damisa.
Sule ɗaya yakan jiƙe da gumi a tafina
kafin in yanke abin da zan saya.

Bara na bi ta wurin.
Masu cajin waya ne, da wani yaro mai cirar kuɗi ƙarƙashin lema.
Na tambaye shi kantin Kwara,
ya ce, "Baba, ko dai Ilori kake nufi?"

Akwatin yana nan a bayan gidan marigayi.
An yashe cikinsa, ƙofa ɗaya ta ɓalle,
wata kaza mai wake-wake na kwanci a ciki.
Ita ce shirin ƙarshe, kuma hoton ya fita tas.

Yanzu nawa a bango yake, siriri kamar faifai,
har gumin ɗan ƙwallo ake ƙirgawa.
Tasha ɗari biyu, ba mai yi mana sai da safe.
'Ya'yana huɗu na zaune a gabansa,
kowa ya sunkuya kan tafin hannunsa,
kowa da dariyarsa daban.

Shekaranjiya aka ɗauke wuta bayan magariba,
na lallaɓa da gwiwar nan tawa na hau bene.
Kufena na nan inda na bar shi.
Hannuna ya miƙe da kansa yana neman gora.
Na ce a hankali, "Ya yi?"
Janareton maƙwabta ne kawai ya amsa.