Sha Ɗaya a Jikin Allo

An liƙa takarda jikin allo da hantsi,
Ɗalibai sun yi mata dafifi, kai ka ce rabon alawus.
Na dire bokitin farar ƙasa a gindin dalbejiya,
Na ce, yaro, karanto mini, ban fito da tabarau ba.

Shekara ashirin da uku ina ja wa filin nan layi,
Tuta zuwa tuta, Samaru ta san takuna.
Kafin alƙali ya busa usur ni na yanke:
Nan ciki, nan waje.
Amma wa ya iya, wa bai iya ba,
Ba a taɓa tambayata ba.

Ya ce, gwarzayen kakar bana, sha ɗaya cif.
A raga, Bitrus Kwasau na Kongo, mai koyon lauya.
Na ce ya ci halalinsa.
Bakin ragarsa haƙarƙarinsa ya cinye ciyawar,
Sau biyu ina dasa ta, ba ta kama ba.

Lurwanu na Gaskiya, ƙwallo goma sha huɗu.
Na ce haka ne, ko da yake uku a ciki
Akuya ma da ta gifta wurin sai ta zura.
Nafi'u Dogo na Shika, mai koyon likita,
Ya karya ƙauri da yamma, ya koyi ɗori da safe,
Shi ma ba a bar shi ba.

Ya karanta har ƙasa. Na ce, juya bayanta.
Ya ce, Baba, baya fari fat.
Na ce, Haladu fa, mai lamba shida?
Ya sake bi da yatsa, bai gan shi ba.

Su daga rumfa suke kallo, da biro a hannu.
Ni ƙasa nake karantawa, washegari da asuba,
Kamar maharbi a bakin rafi.
Takalminsa na hagu haƙori ɗaya ya fita,
Baduku ya ɗinke gefen sau uku a bakin kasuwa.
Wannan sawu mai giɓi na same shi a tsakiya,
Na same shi a kusurwa, na same shi bayan Bitrus
Ranar da Bitrus ya faɗi, ƙwallo na gangarawa,
Aka yi ta tafi, ba a san wa ya share ta ba.

Goma sha huɗun Lurwanu, tara daga ƙafar nan suka taso.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da la'asar sai ga shi, littafi a hammata.
Na buɗe baki, ya riga ni:
Baba, kawo igiyar in riƙe maka, layinka ya karkace.
Ya ce jibi yana da jarrabawar kimiyyar ƙasa,
Ya ce Lurwanu ya saya masa shayi da ƙwai biyu.
Ya yi dariya. Ban yi ba.

Da ya tafi, da ragowar bokiti
Na zana shida ƙatuwa a bayan raga.
Hadari ya haɗo ta wajen Kufena, ya kwana yana zuba.
Da safe babu shida.
Na leƙa allo, takarda ta jiƙe ta yi laƙwas,
Tawada ta zubo, Lurwanu ya shige cikin Bitrus.
Na ɗauki igiyata.
Layi dai, ruwa bai bar mini ko ɗaya ba.