Casa'in da Tara

Ƙarfe ɗayan dare a Samaru,
janaretan mai shagon kwafi ya yi tari, ya yi shiru.
Kwamfutar Yaya Lantana na kan tabarma,
fuska baƙa wuluk, da farin rubutu layi guda:
wai ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba.
Ni ma haka nake wasu safiyoyin.

Jibi za ta kare kundin digirinta, kundin kuwa yana ciki.
Na ce, "Je ki kwanta, aikin minti ashirin ne."
Baki shi ke yanka wuya.

Datar dubu uku na ƙona wajen sauko da manhaja,
na soka filashin da na sayo a Sabon Gari.
Koren layi ya kama rarrafe,
ya kai casa'in da tara,
ya toge.

Na canza rami. Na hura masa iska kamar garwashi.
Na shiga saiti, na kawo shi gaban layi,
na daddanna maɓalli har yatsa ya yi tsami.
Kwamfuta ta ce ba ta san da zamansa ba.

Sai na tashi Tanimu, mai gyara a Ɗanraka.
"Nawa ka saye shi?"
"Dubu biyu, giga sittin da huɗu."
Dariya ta kore masa barci:
"An sayar maka da randa mai cikin moɗa. Nemi wani."

Wani ɗaya ne a gidan:
tsohon filashin Baba, ɗaure da zaren carbi.
Ciki akwai hotunan gonar Shika,
da muryarsa yana lissafin buhunan masara,
yana kuskure, yana sake farawa.
Na kwashe su zuwa wayata, na ƙirga sau uku.
Allo ya ce: za a share komai, ka yarda?
Na daɗe ina kallon tambayar.
Ashe kafin abu ya zama mabuɗi
sai ya manta duk abin da ya sani.

Na danna.
Layi ya wuce casa'in da tara ko waiwaye babu.

Ana kiran assalatu allon ya waye,
ya ce in zaɓi harshe.
Na zaɓi gyara, ba sabon zubi ba.
Lantana ta leƙo, ido a kumbure:
"Minti ashirin ɗin sun cika?"